Makullin Da Ba Ya Bushewa

Ko na rantse muku har harshena ya tsinke ba za ku yarda da wannan labari ba. Ban kuma ga laifinku ba, domin wanda abin ya faɗa wa mutum ne da ko sannu ya ce maka sai ka laluba aljihunka. Shaƙiyyi ake ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba. Shi ne ya taɓa sayar wa mai aski almakashin mai askin, har aka yi ciniki. Shi ne ya ƙulle igiyoyin takalman mutum goma sha biyu a wurin taro, ya koma gefe ya yi ihun maciji. Makaranta kuwa a aji uku ya yi mata sallama, wai ya lura malaman sun fara maimaita abin da ya riga ya sani. Shekararsa talatin da biyu, ba mata, ba sana'a tsayayya, yana zaune a ɗakin bakin ƙofa a gidan yayarsa.

Ranar da abin ya fara, magariba ce irin ta kullum. Yaya ta dawo daga shagonta na walda, tana bakin famfo tana dirje baƙin hannunta da sabulu da yashi. 'Yarta, wadda suke kira Tilo don ita kaɗai Allah ya bar mata, tana kwance rub da ciki a kan tabarma tana aikin lissafi. Shaƙiyyi yana kan kujera, hannunsa biyu riƙe da kofin shayi. Iska ta tsaya. Tsuntsayen da ke kwana a bishiyar maƙwabta suka yi shiru lokaci ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi.

Yaya ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Shaƙiyyi, ka girma mana."

Na biyu ya faɗo, ya gangaro a hankali, ya dira a tsakar gida. Ba dutse ba ne. Ɓaren bango ne, da sauran shuɗin fenti a gefe ɗaya, jiƙe sharkaf, alhali an yi wata biyu ko yayyafi ba a gani ba. Kafin wani ya yi magana sai suka ji ƙarar makulli a ƙofar ɗakin Yaya. Ana zura shi, ana murɗawa, ba ya kamawa. Aka bar nan aka koma ƙofar ɗakin girki. Aka bar nan aka koma ta ɗakin Shaƙiyyi, aka daɗe a nan.

Tilo ta tashi zaune tana dariya. "Kawu, yaya ka yi shi? Don Allah koya min."

Ya yi murmushi ya ce sirrin sana'a ne. Amma wani sanyi yana bin cinyarsa. Makullin da ke aljihun wandonsa ya jiƙe, ruwa yana tsatsafowa daga jikinsa.

To, sai na koma baya kaɗan, don ku san ko makullin wane ne.

Shekara biyar da suka wuce ambaliya ta share unguwar gangare a yini ɗaya. Mijin Yaya yana cikin waɗanda ba a samu ba. Mutanen da suka tsira suka watse, aka mayar da wurin fili, aka shuka ciyawa aka dasa benci. Yaya ta lura da wani abu: duk wanda ta haɗu da shi daga tsohuwar unguwa, har yanzu yana yawo da makullin gidan da babu shi. Ba sa iya yarwa, ba su kuma da abin buɗewa. Sai ta nemi izini ta kafa ƙofa a tsakiyar filin. Ƙyaure biyu na ƙarfe, tsayin mutum uku, a buɗe rabi, babu bango hagu babu bango dama. Da wasu suka fara gunagunin wai za a kafa musu mutum-mutumi, ta ce su zo su nuna mata ido ko hanci a jikin ƙofa.

Ƙa'idarta ɗaya ce. Ba a aiko da makulli. Mai shi ne zai zo da ƙafarsa, ya zaɓi wuri a jikin ƙyauren, ya ɗora shi da hannunsa, sannan a kama da filaya, ita kuma ta liƙa da wuta. Wata uku ana wannan aiki, makulli ɗari huɗu da ɗoriya. Mai riƙe filayar kuwa Shaƙiyyi ne.

Wata rana da la'asar wata tsohuwa ta zo, ɗanta direba yana jan ta, idonta ya kusa rufewa. Ɗan ya tsaya can nesa ya ba su baya, ya ce ba zai iya kallo ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da makulli dogo na tagulla, mai nauyi, da zane a kansa. Shaƙiyyi ya gani, shaiɗan ya raɗa masa. A aljihunsa akwai ɗan guntun makullin banɗakin shagon walda. Ya ce, "Kawo in goge miki tsatsar, Iya." Ya karɓa da dama ya mayar da hagu, ya ɗora tafinsa a kan yatsunta masu rawa ya manna su a jikin ƙyauren da sauri. Yaya ta riga ta sauke gilashin walda a fuskarta, kuma duk wanda ya taɓa leƙa wannan gilashi ya san ba ka ganin komai sai tartsatsi. Cikin ƙiftawar ido aiki ya gama.

A ransa ya ce wannan ita ce uwar duk tsiyar da ya taɓa yi. Manya za su zo da motoci, 'yan jarida za su ɗauki hoto, mutane za su sunkuyar da kai suna matsar hawaye, ga makullin banɗaki a tsakiya yana karɓar gaisuwa. Ya ƙudura sai ranar da majalisar mai aski ta cika zai fasa ƙwan.

Bai taɓa fasawa ba. Washegari da yamma ya ga tsohuwar ta dawo da sandarta. Ta laluba ƙyauren hagu, ta ƙirga daga ƙasa da yatsa har ta kai wurinta. Waldar ta cinye rabin makullin, ba ta gane ba. Ta jingina goshinta a kansa ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa, sannan ta sumbace shi ta tafi. Haka ta yi kullum, shekara guda cur. Shaƙiyyi ya daina bin ta wannan hanya. Sau da yawa ya yi niyyar gaya wa Yaya, amma ya san ƙofar nan ita ce kabarin da ba ta samu ta yi wa mijinta ba, kuma ranar da ta ji, ya rasa ɗaki ya rasa 'yar'uwa.

Kwana uku kafin jifan farko, tsohuwar ta rasu.

Daga wannan magariba gidan bai sake zama gida ba. Da rana lafiya lau. Amma da zarar inuwar katanga ta haye famfo, sai ɓaraguzai su fara sauka, masu fenti, masu laka, wata rana har da guntun faranti. Sai makullin ya fara zagayensa, ƙofa bayan ƙofa. Yaya ta yi masa faɗa kwana biyu, a na uku ta zaunar da shi a gabanta ta riƙe hannayensa biyu, aka yi jifan a kan idonta. Ta sake shi a hankali ta tashi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya yi dabarunsa. Ya jefa makullin a kwalbati, ya dawo ya tarar da shi ƙarƙashin matashinsa, katifar ta jiƙe. Ya lallaɓa filin ya ɗaure shi da waya a bayan ƙyauren, kafin ya iso gida yana aljihunsa. Ya goge shi da tsumma, ya shanya shi a rana, ya ɗora shi a kan murhu. Ba ya bushewa.

A kwana na shida abin ya koma kan Tilo. Tana cikin cin abinci ta ajiye cokali ta miƙe. Ta nufi ƙofar ɗakin uwarta, ta ja ta rufe, ta tsaya tana murɗa hannu a iska kamar mai riƙe da makulli. Ta murɗa, ta jijjiga ƙyauren, ta sake murɗawa. Yaya ta kira ta sau uku. Da ta waiwayo, fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne.

"Ruwa ya kai gwiwa," ta ce, da wata murya busasshiya. "Ba ya buɗuwa."

Daga ranar ta daina ci. Ruwa ma in an kawo mata sai ta ture tana makyarkyata. Kullum da magariba sai ta yi ta kokawa da ƙofofi har faratanta suka tsage. An kai ta asibiti, likita ya auna ya ce bai ga komai ba sai rama, amma in ta ci gaba a haka jikin ba zai ɗauka ba. Yarinyar da ke hawa wuyan kawunta tana ce masa jakinta, ta koma kamar tsinke a cikin riga. Wata safiya, a ɗan lokacin da take dawowa hayyacinta, ta kama ɗan yatsansa.

"Kawu, in wasa ne ka daina. Na gaji."

Ya fita bayan gida ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar ambaliya. Duk da haka bakinsa bai buɗe ba. Ku faɗi abin da za ku faɗa a kansa, ya cancanta.

Rana ta goma Yaya ta je ta ɗauko Malam. Tsoho ne ɗan siriri mai tari, wanda ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya ajiye alli, mutane suka san shi da karatu a kan marasa lafiya. Ya shigo ana dab da faɗuwar rana, ya cire takalmi, ya ɗaga kai ya ga Shaƙiyyi.

"Au, kai ne? Mai saka min ƙadangare a jaka?"

"An yi shekara ashirin, Malam."

"Ƙadangaren ya mutu, ni ina nan." Ya yi tari. "Zauna inda zan riƙa ganinka."

Aka kwantar da Tilo a tabarma, kanta a cinyar uwarta. Malam ya zauna ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai lallashin jariri. Hasken rana ya janye daga katanga. Jifa ya fara, ɗaya, biyu, sannan kamar ana zazzage tifa a kan rufin. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Can sai komai ya ɗauke. A cikin shirun suka ji ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, daga ƙafar wandon Shaƙiyyi zuwa siminti.

Tilo ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa na zo yi ba."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Shekara arba'in ina zaune a kusurwar ɗakin tsohuwar nan mai makullin tagulla, bayan randa. Ba ta taɓa watsa min ruwan zafi ba, ban taɓa fasa mata ƙoƙo ba. Ni ma ruwan nan ya raba ni da gida."

"To me yarinya ta yi miki?"

Muryar ta amsa a hankali, tana jan kowace kalma.

"Ranar ambaliyar, jikokinta biyu suna barci. Ƙaramin yana zazzaɓi. Ta ce bari ta ruga ta sayo magani kafin hadarin ya sauko. Ta ja ƙofa don kada su fita titi, ta yi bismilla kamar kullum, ta murɗa makulli. Ka san mu aljanu, Malam. Abin da aka rufe da sunan Allah ba ya buɗuwa a hannunmu. Ina ciki tare da su. Na ɗora su a gado. Na ɗora su a kan akwati. Babbar tana ta cewa Iya za ta dawo, makullin yana wurin Iya."

Yaya ta toshe bakinta da mayafi.

"Shekara huɗu tana ɗauke da shi a bakin zane, ina biye da ita. Da ta ji labarin ƙofar nan ta ce za ta je ta sauke kayanta a tsakanin maƙwabta. Na ce ni ma na samu wurin zama. Kullum da yamma tana zuwa tana neman gafarar yaran. Ina tsaye a gefenta ina ji. Ban tayar da hankalin kowa ba tana raye, don kada ta sani zuciyarta ta fashe." Kan Tilo ya juya a hankali, idanun suka sauka a kan Shaƙiyyi. "Kai mai dariya. Gaya wa yayarka abin da take sumbata."

Babu wanda ya tilasta masa da hannu. Ya zura hannu a aljihu ya fito da makullin ya ajiye a tsakiyar tabarma, ruwa ya kewaye shi. Sannan ya faɗa, duka, ba ƙari ba ragi, karo na farko a rayuwarsa. Yaya ta kalle shi har ya gama. Ba ta zage shi ba.

"Ni na liƙa shi," ta ce. "Da hannuna."

Malam ya juya ga yarinyar. "An zalunci matar, an zalunce ki. Amma abin da kike yi wa wannan baiwar Allah shi ma zalunci ne, kuma za a tambaye ki. Ki fita."

"Bar min ita. Tsayinsu ɗaya da babbar. Zan kula da ita, wannan karon ba zan bari ruwa ya taɓa ta ba."

"Ba taki ba ce. Kina kashe ta ne."

"To a ba ni hannun da ya yi musayar."

"Ki ɗauka," in ji Shaƙiyyi, ya miƙa.

Malam ya buge hannun. "Rufe min baki, ba kasuwa muke ba. Ba za a ba ki jini ba, ba za a ba ki tsoka ba. Hakki za a mayar, shi ke nan."

Duhu ya cika tsakar gidan, babu wanda ya tuna da kunna fitila.

"A mayar da shi wurinsa," in ji muryar. "Da rana, a gaban masu makullai. Ya faɗa da bakinsa kamar yadda ya faɗa yanzu. A gaban ɗanta direba, uban yaran."

"Za a yi gobe in Allah ya kai mu. Ke kuma yanzu za ki fita, ba gobe ba. Ki yi alkawari da wanda ya halicce ki."

Ta yi. Sannan ta ɗaga hannun Tilo ta kalli faratan da suka tsage, ta ce, "Ki yafe min, 'yar nan." Yatsan ƙafar yarinyar ya yi rawa, jikinta ya saki, ta faɗa jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa.

Washegari Yaya ta bi mutanen tsohuwar unguwa ɗaya bayan ɗaya a waya. Kafin la'asar filin ya cika. Ƙofar tana tsaye a rana, makullanta suna walƙiya kamar ɓawon kifi, iska tana ratsa tsakanin ƙyauren biyu. Shaƙiyyi ya tsaya a gabanta. Mutumin da zai iya riƙe majalisa awa uku da ƙarya, gaskiyar minti biyar ta kusa kayar da shi. Da ya kai wurin banɗakin wani saurayi ya tuntsire da dariya, ya duba ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Wata mata ta tofar da yawu. Wani dattijo ya ce a ba shi wuri ya mare shi ko sau ɗaya ne.

Direban bai motsa ba. Yana tsaye a gaba, hannayensa a bayansa, har aka gama.

Yaya ta tayar da injin yanka ƙarfe ta nufi ƙyauren hagu don ta cire abin kunyar. Sai direban ya ɗaga hannu.

"Dakata."

Ya matso ya durƙusa. Ya daɗe yana kallon guntun makullin. Duk sauran sun fara dusashewa, wannan kuwa ya yi sumul yana sheƙi, saboda goshi da leɓe na shekara guda. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Tun ranar ruwan ban iya haɗa ido da ita ba," ya ce. "Ba ta samu wanda za ta gaya wa ba sai wannan. Duk abin da ta faɗa yana nan. Kada ki cire. Ki sa namu a gefensa."

Ya karɓi makullin tagullar ya ɗora da hannunsa, bisa ƙa'ida. Shaƙiyyi ya kama da filaya. Yaya ta sauke gilashi, wuta ta tashi, ruwan da ke jikin makullin ya yi ƙara ya zama tururi. Da tartsatsin ya lafa, a bushe yake.

Direban ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, sannan ya dubi Shaƙiyyi a karo na farko.

"Kowa wuri ɗaya makulli ɗaya, mu namu biyu. Mutane za su tambaya. Ni ba zan iya amsawa ba, yayarka kuma ba ita ta yi ba. Uwata ta yi shekara tana zuwa nan kullum da yamma. Kai ma za ka yi shekara. Duk wanda ya tambaya ka gaya masa, kada ka rage komai."

Shaƙiyyi ya dubi Yaya. Tana naɗe wayar injin, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗakinka yana nan. Amma kada ka shigo min gida kafin magariba."

Mutane suka watse kaɗan-kaɗan. Ya zauna a kan benci shi kaɗai, inuwar ƙofar tana tsawo a kan ciyawa har ta taɓa ƙafarsa. Bai yi rabin awa ba sai ga wasu baƙi, miji da mata, sun tsaya suna ɗaukar hoto. Matar ta sunkuya tana bin makullan da yatsa, ta tsaya, ta waiwayo.

"Bawan Allah, ko ka san me ya sa waɗannan biyun suke manne da juna?"

Ƙarya uku masu kyau suka zo masa a tare, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Ya haɗiye su, ya miƙe tsaye, ya cire hularsa.

"Na sani," ya ce. "Ni na yi."